Gaiwa, Kifin da Rani Ba Ya Kashewa

Idan watan Maris ya kama a fadamun Haɗeja da Nguru, ko a kwarin gulbin Rima, ruwan da ya malale daji da damina ya riga ya janye tuni. Taɓon da ya bari ya bushe ya daddare, shanu suna bi ta kansa, ƙura na tashi. Babu baƙon da zai dubi wurin ya ce akwai kifi a ciki. Amma ɗan gari da ya san sirrin fadama, in ya sunkuya ya duba da kyau, zai hangi wata 'yar alama a kan busasshiyar lakar, bakin wani rami da aka toshe. Ya sa fartanya ya haƙa abin da bai kai kamu guda ba, sai ya ci karo da wani ƙunshi ruwan ƙasa mai siririn ɓawo. A cikinsa gaiwa ce kwance, ta lanƙwasa jikinta biyu, wutsiya ta rufe mata fuska. Fatarta da danshi, ranta kuma yana nan. In aka matsa ta takan yi ɗan gurnani, in kuwa aka yi sake da yatsa ta kafa masa haƙori.

A wurinmu gaiwa ba kifin alfarma ba ce. Mai kuɗi in ya shiga kasuwar kifi giwan ruwa yake nema, ko ragon ruwa, ko tarwaɗa mai maiƙo. Akwai ma masu ƙyamar gaiwa saboda kamanninta: doguwa, mai santsi, da ƙananan idanu, ga wasu siraran zaruruwa huɗu suna reto a inda sauran kifaye ke da fukafukai. To amma wannan halitta da muke wucewa ba ko waiwaye ta shafe kusan shekara 200 tana ɗaure wa manyan masana kai. An yi jayayya a kanta a Landan da Biyena, an haye teku dominta, kuma a 'yan shekarun nan sunanta ya sake fitowa a manyan mujallun kimiyya na duniya. Ni a ganina babu wata dabba a ƙasar Hausa, har da giwa da zaki, da ta kai ta ban al'ajabi.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne gaiwa tana da huhu. Huhu na sosai, guda biyu, dogaye, sun miƙe tare da tsawon cikinta, kuma cikinsu a rarrabe yake zuwa ƙananan ɗakuna masu jijiyoyin jini, irin tsarin da ake gani a huhun dabbobin tudu. Sauran kifaye da jajayen gezar nan ta gefen kai suke tace iskar oksijin daga ruwa. Gaiwa ma tana da gezar, sai dai ta ƙanƙance, ba ta isar ta. Shi ya sa lokaci-lokaci take tasowa sama, ta fito da baki, ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa. Babbar gaiwa in ta maƙale a cikin raga ko gora aka hana ta kaiwa saman ruwa, shaƙewa za ta yi ta mutu. Kifi ke nan da ruwa ke iya cinyewa.

Zuciyarta ma ta bambanta da ta 'yan'uwanta. Akwai ɗan shamaki a ciki da ke rage cakuɗuwar jinin da ya dawo daga huhu da wanda ya dawo daga sauran jiki. Bakinta kuwa babu jerin haƙora irin na tsage, sai wasu faranta masu tauri da kaifi a sama da ƙasa, da su take murƙushe dodon koɗi da ƙaguwa da ƙananan kifaye da kwaɗi. Tamu ta Afirka ta Yamma takan kai mita guda a tsawo. 'Yar'uwarta ta tafkin Biktoriya takan doshi mita biyu.

Yadda take shiga ƙasa

Da ruwan fadama ya fara ja baya, gaiwa ba ta bin sauran kifaye zuwa gulbi. Sai ta kafa kai cikin taɓo ta fara haƙa da baki: ta gatsi laka, ta tauna, ta fitar da ita ta kafofin gefen kanta, jiki na bin kai a hankali. In ta yi zurfin da ya ishe ta sai ta juya, kai ya dubi sama, ta faɗaɗa ƙasan ramin ya zama ɗaki. Muddin da sauran ruwa a sama, tana ta hawa tana shan iska tana komawa. Ranar da ruwan ya ƙafe, lakar da ta turo ta toshe bakin ramin, amma toshiya ce mai barin iska ta ratsa.

A nan ne babban aikin ke farawa. Fatarta takan zubo da yauƙi mai yawan gaske, yauƙin ya bushe ya zama ɓawon da ya lulluɓe ta gaba ɗaya, ba a bar ko'ina a buɗe ba sai wata 'yar kafa da ta shige cikin bakinta. Ta wannan kafar take numfashi. Ba ci, ba sha, ba motsi, har wata bakwai ko takwas, sai ruwan sama ya dawo ya jiƙa ƙasa ya tausasa ɓawon. A ɗakunan bincike an ajiye gaiwa a wannan hali fiye da shekara uku, aka zuba mata ruwa ta farka.

An daɗe ana ɗaukar ɓawon nan a matsayin busasshen yauƙi kawai, mai hana ruwan jiki tsanewa. A 2021 wasu masu bincike a Jami'ar New Mexico ta Amurka, ƙarƙashin Irene Salinas, suka nuna abin ya wuce haka. Ɓawon nama ne mai rai. Gaiwa tana saɓule fatarta ne hawa-hawa, tana tura fararen ƙwayoyin jini masu ɗimbin yawa zuwa cikinsa, su kuma su shimfiɗa tarkon da ke kama ƙwayoyin cuta kafin su kai ga jikinta. Dabbar da za ta kwanta wata takwas cikin laka mai zafi, ba ta iya gudu ba ta iya wanka, dole ta tanadi masu gadi a bakin ƙofa.

Sauran tambaya ita ce, me take ci? Masuntanmu sun daɗe da ba da amsa, suna cewa gaiwa jikinta take ci. Wasu sun ɗauka wutsiyarta take gatsa, tun da a bakin fuska ake samunta. Ba gatsa take yi ba, amma maganar tana kan hanya. Jikin ne ke narkar da abin da ya tara, har da tsokar nama, ya mayar da shi makamashi, kamar ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa ya koma cin jari. Don kada jarin ya ƙare da wuri, sai ta rage komai: bugun zuciya ya yi ƙasa, numfashi ya yi jinkiri, buƙatar oksijin ta faɗi warwas.

Narka nama yana da nasa haɗari, domin yana haifar da amoniya, ita kuwa guba ce. Kifin da ke cikin ruwa ba ruwansa, yana fitar da ita ta geza ruwa ya tafi da ita. Wanda ke ƙulle a busasshiyar ƙasa fa? Wani masanin ƙoda Ba'amurke, Homer Smith, shi ya fara bin diddigin wannan. A ƙarshen shekarun 1920 ya je Kisumu, bakin tafkin Biktoriya a Kenya, ya kwaso gaiwa zuwa Amurka, ya sa su a laka ya bar ta ta bushe, ya riƙa auna abin da ke faruwa a jikinsu. Sakamakon da ya wallafa a 1930 ya nuna gaiwa tana juya amoniyar zuwa yuriya, sinadarin nan dai da manoma ke saye a buhu su zuba wa masara. Yuriya ba ta kai amoniya dafi ba, don haka sai ta bar ta ta taru a jini da tsoka, ƙoda kuma ta kusa daina aiki ɗungurum don kada a yi asarar ko ɗigon ruwa. Ranar da ta koma ruwa sai ta amayar da tarin watanni cikin 'yan kwanaki. Ɗan Adam in ƙodarsa ta tsaya na mako biyu ba tare da wankin ƙoda ba, sai dai wani ikon Allah. Gaiwa kuwa kowace shekara take yin haka. Smith ya zama ɗaya daga cikin manyan masana ƙoda na ƙarni na 20, kuma abin da ya gani a jikin wannan kifi bai bar zuciyarsa ba, har ya rubuta littafi a 1932 ya sa masa suna Kamongo, wato sunan gaiwa a wajen mutanen bakin tafkin.

Kifi ce ko ƙanwar kwaɗo?

Turawa ba su san da irin wannan halitta ba sai a shekarun 1830. Wani Ba'ostiriye mai tara dabbobi, Johann Natterer, wanda ya shafe shekara 18 a Barazil, ya samo wata a fadamun yankin Amazon. Da ta isa Biyena, Leopold Fitzinger ya duba ya ga huhu, ya yanke hukunci a 1837 cewa wannan ba kifi ba ne, ya jera ta da dabbobi masu jan ciki. Ba a jima ba aka kai wata Landan daga kogin Gambiya, irin tamu sak. Richard Owen, babban masanin ƙirar jikin dabbobi na Ingila a lokacin, ya feɗe ta, ya ga huhun shi ma, amma a 1839 ya ce kifi ce. Hujjarsa mafi ƙarfi hanci ce. A cewarsa duk dabbar tudu hancinta yana zarcewa cikin baki, na kifi kuwa rami ne marar mafita, kuma na gaiwa marar mafita ne. Bajamushe Theodor Bischoff ya feɗe ta Barazil a 1840, ya ga hancin ya ɓulla cikin baki, ya ce to ai dangin kwaɗi ce.

Abin sha'awa a wannan gardama shi ne kowannensu ya kama rabin gaskiya. Owen ya dace a hukunci, hujjarsa ce ta rushe, domin hancin gaiwa yana da kafa ta ciki. Bischoff ya ga daidai, hukuncinsa ne ya kauce. Laifin ba na idanunsu ba ne. Akwatunan da suka gada na rarraba halittu ne ba su da gurbin dabba mai ɓawon kifi da huhun kwaɗo. Da Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu a 1859, ya kawo ta cikin misalan tsofaffin halittun da suka wanzu a ruwan daɗi bayan danginsu sun shuɗe.

A 1870 labarin ya ƙara armashi. Gerard Krefft na gidan tarihin Sidni ya bayyana wani babban kifi mai huhu daga kogunan Kwinsland a Ostireliya, kuma faranta haƙoransa suka zo daidai da waɗansu haƙora da aka daɗe ana tonowa cikin duwatsun Turai, waɗanda aka zaci masu su sun ƙare tun zamanin da. Yau jinsi shida suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Na Ostireliya huhu ɗaya gare shi, ba ya iya kwanciya a ƙasa, amma yana da tsawon rai. Wani da aka kai gidan kifaye na Shedd a Shikago a 1933 bai mutu ba sai 2017.

Masanan ƙarshen ƙarni na 19 sun yi imani cewa in ana son gane dangantakar dabba, a dubi yadda ɗanta ke girma tun daga ƙwai. Matsalar ita ce babu Baturen da ya taɓa ganin ƙwan gaiwar Afirka ko ta Kudancin Amurka. A nan ne wani saurayi ɗan Jami'ar Kambirij, John Samuel Budgett, ya shigo. Ya fara raka John Graham Kerr zuwa fadamun Faraguwai a 1896 neman ƙwan gaiwar can. Daga nan ya juyo Afirka shi kaɗai, ya sauka a tsibirin McCarthy da ke tsakiyar kogin Gambiya, ya yi damina yana kutsawa cikin ruwa da sauro. Burinsa na farko ƙwan wani kifi ne mai sulke, gartsa, amma a zuwansa na 1900 ya samu sheƙar gaiwa. Ba shi ya gano ta ba. Babban masuncin da ke yi masa aiki ne ya zo da gudu ya ce ya ga 'ya'yanta, ya kai shi wurin.

Abin da ya gani, ya kuma rubuta, duk yaron da ya tashi a bakin fadama zai iya gane shi. Rami ne a cikin ciyawa inda ruwa bai da zurfi, cike da dubban ƙwai. Namijin ne ke gadi, yana ta kaɗa wutsiya don ruwan ramin ya samu iska, yana kai cizo ga duk abin da ya matso. Bayan kimanin mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da geza a waje, tana lilo a gefen kai, irin wadda ake gani a jikin 'ya'yan wasu dangin kwaɗi. Tamu ta Afirka ta Yamma ba ta rabuwa da ita gaba ɗaya. In ka duba bayan kan babbar gaiwa za ka ga ɗan guntun da ya saura.

Budgett bai haƙura da gartsa ba. Ya je Yuganda a 1902 ya dawo hannu rabbana. A 1903 ya shiga yankin Neja Delta, kan kogin Forcados, a nan ya yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyin kifin da hannunsa, ya ga ƙwan yana rabuwa yana girma. Ya koma Ingila da kwalabensa da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa. A watan Janairun 1904 ya rasu yana da shekara 31, Kerr ne ya ƙarasa nazarin abin da ya kawo. Duk lokacin da na tuna labarinsa sai in ji tausayinsa, in kuma tuna da masuntan da suka riƙa tuƙa shi cikin kwalekwale suna nuna masa inda zai duba, waɗanda sanin da suka gada shi ne rabin aikin.

Abin da ke rubuce a cikin ƙwayoyinta

A bayanin masana kimiyyar halittu, dangin gaiwa sun bayyana a duniya kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma a da suna da yawa ƙwarai. Dabarar kwanciya a ƙasa ma tsohuwa ce. A 1954 Alfred Romer da Everett Olson sun bayyana waɗansu ramuka da suka daskare cikin duwatsun Teksas, masu shekaru sama da miliyan 250, wasu da ƙasusuwan kifin a cikinsu: gaiwar da ta kwanta jiran damina, damina ba ta zo ba.

Waɗannan masana suna ganin dabbobin tudu masu ƙashin baya, daga kwaɗo zuwa tsuntsu zuwa masu shayarwa, sun samo tushe ne daga wani rukunin kifaye masu fukafukan tsoka da ƙashi. An daɗe ana muhawara kan wane kifi mai rai ne ya fi kusa da wannan tushe. Da aka kama wani kifin teku mai suna silakan a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938, bayan an ɗauka ya ƙare tun shekara miliyan 66, duniya ta ɗauka shi ne. Binciken DNA ya karkata ga gaiwa. A 2011 kuma Heather King da abokan aikinta a Jami'ar Shikago suka ɗauki bidiyon irin tamu a cikin tanki, suka nuna tana dogara da zaruruwan nan biyu na baya ta ɗaga jikinta daga ƙasan ruwa, ta jefa ɗaya ta jefa ɗaya, tafiya sosai. Wanda ya karɓi wannan bayani na masana da wanda yake da ja a kansa, dukkansu za su iya tsayawa gaban tankin su ga abu ɗaya: kifi mai huhu yana taku.

Karanta kundin DNA ɗinta ya zo a makare saboda girmansa. Na ɗan Adam haruffa ne kimanin biliyan 3. A 2021 wata tawaga ƙarƙashin Axel Meyer na Jami'ar Konstanz a Jamus ta karanta na gaiwar Ostireliya, biliyan 43. A shekarar dai masana a ƙasar Sin suka karanta na irin tamu, kimanin biliyan 40. A 2024 aka kammala na Kudancin Amurka, biliyan 91, ninki 30 na namu, kuma a lokacin babu dabbar da aka karanta kundin da ya kai nata. Wannan ba ya nufin ta fi mutum sarƙaƙiya. Umarnin da ke gina jiki bai fi namu yawa sosai ba. Mafi yawan kundin maimaici ne, wasu guntayen DNA masu kwafar kansu suna ta cusa kwafin ko'ina, jikin kuma bai share su ba. Amma a cikin tarin an samu abin da ake nema: umarnin sinadarin da ke hana huhu mannewa, da waɗanda ke tsara ƙashin hannu da ƙafa a dabbobin tudu, suna nan a jikinta suna aiki. In kuma wani abu ya gutsure mata zare ko wutsiya, sabo ne ke tsirowa, da ƙashi da tsoka da jijiya, abin da masu binciken warkar da gaɓoɓi ke bibiya da idon basira.

Gaiwa ba ta cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a yanzu. Tana nan daga Senegal har tafkin Chadi. Sai dai rayuwarta gaba ɗaya a kan abu biyu take: fadama ta cika, fadama ta bushe, kowanne a lokacinsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke sauka Haɗeja da Nguru ta sauya hali. Wasu wuraren ruwa ya daina kaiwa, wasu kuma ya zauna shekara sukutum har kacala ta cinye su. Madatsar Bakolori ta yi wa kwarin Sakkwato irin wannan tun ƙarshen shekarun 1970. Ga noman rani da injin ban ruwa da garma suna bin ƙasar da take kwance a ciki. Dabbar da za ta iya jiran ruwa shekara uku ba za ta iya jiran ruwan da aka karkatar har abada ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake yin nazarinta. Masu bincike a Singafo, irin su Yuen Ip da Shit Chew, sun shafe shekaru suna wallafa aiki mai kyau kan hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwar gaiwa mai barci, amma kifin nasu ta hannun dillalan kifin ado yake isa gare su, kuma sau da yawa a cikin tankin roba ake kwantar da shi, ba a laka ba. In ana son bayanin yadda take yi a fadama ta gaske, har yau ana yawan komawa ga aikin da wasu 'yan Suwidin biyu, Johnels da Svensson, suka wallafa a 1954 daga Gambiya. Mu kuwa muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, muna da sassan nazarin halittu a jami'o'in Kano da Sakkwato da Maiduguri da Dutse da Gashuwa, dukkansu tafiyar 'yan sa'o'i ce zuwa inda take kwance. Ɗalibin da zai auna zurfin ramukanta a ƙasa iri-iri, da zafin lakar a watan Afrilu, da ranar da take shiga da ranar da take fita, da adadin da ke farkawa bayan shekarar fari, ba ya buƙatar na'urar miliyoyin daloli. Ma'aunin zafi da sikeli da kuɗin mota sun ishe shi fara aikin, sai kuma wani dattijon masunci da zai yarda ya bi shi fadama, wanda ya kamata a sa sunansa a kan takardar in an zo wallafawa.